Wayoyi Huɗu a Rami Ɗaya: Me Ke Hana Hanyar Sadarwa Mutuwa Gaba Ɗaya?

Ranar Alhamis 14 ga Maris, 2024, ana cikin kwanakin farko na azumi, intanet ta riƙa ɗaukewa a Afirka ta Yamma ƙasa bayan ƙasa. Tun da asuba aka ga alamar a Gambiya da Gini da Laberiya, da hantsi ta iso Kodebuwa da Gana, kafin azahar Nijar da Najeriya sun shiga sahu. Ƙasashe 13 abin ya taɓa, har da Namibiya da Afirka ta Kudu. A kasuwanninmu ba wanda yake maganar wata waya da ke kwance a ƙasan teku. Abin da ido ya gani shi ne na'urar POS tana ta juyi ta ƙi fitar da takarda, an yi taransifa alat bai shigo ba, mai shago ya dafe kayansa, mai saye yana nuna masa fuskar waya yana rantsuwa cewa kuɗi sun fita, kowa na cewa sabis ne.

Asalin matsalar yana can cikin Tekun Atilantika, daura da gaɓar Kodebuwa. Manyan wayoyi huɗu da ke haɗa wannan yanki da Turai, wato WACS da ACE da SAT-3 da MainOne, sun lalace a rana guda. Kamfanin MainOne ya ce inda tasa ta tsinke zurfin ruwan ya kai kimanin kilomita 3, wurin da ƙugiyar jirgi ko komar masunta ba ta kaiwa, saboda haka ya ɗora abin a kan motsin ƙasan teku. A gaban birnin Abijan akwai wani ƙaton kwazazzabo a ƙarƙashin ruwa mai suna Trou Sans Fond, kuma nan ne masana suka fi zargin cewa laka da duwatsu sun zaftare suka yi awon gaba da wayoyin. Hukumar sadarwa ta Gana ta shaida wa jama'arta cewa gyara zai ci aƙalla makonni 5. Ta MainOne ba ta dawo aiki ba sai cikin watan Mayu.

Wanda ya kalli taswirar wayoyin kwana ɗaya kafin wannan rana zai ce yankin ya yi tanadi. Huɗu ne, masu su daban, shekarun shimfiɗa su daban: SAT-3 tun 2002, MainOne a 2010, WACS da ACE a 2012. Kamfanin wayar da ya sayi hanya a kan biyu ko uku daga cikinsu yana da hujjar cewa ya yi abin da ya kamata. Sai dai tsintsiya ce, maɗaurinta ɗaya. Idan ana auna ƙarfin hanyar sadarwa, ƙirga layuka mataki ne na farko kawai. Tambayar da ta fi nauyi ita ce: wane abu guda ne, idan ya faru, zai kashe su tare? Duk sauran wannan fanni, a ganina, neman amsar wannan tambaya ne.

Inda tunanin ya faro

A farkon shekarun 1960, lokacin yaƙin cacar baka tsakanin Amurka da Tarayyar Sobiyet, wani injiniya mai suna Paul Baran da ke aiki a cibiyar bincike ta RAND a Kalifoniya ya zauna kan wata tambaya mai ban tsoro: idan aka jefa wa Amurka makamin nukiliya, yaya waɗanda suka tsira za su yi magana da juna? Tsarin tarho na wancan zamani hawa-hawa ne. Kira yana tashi daga ƙaramin ofishi, ya haura zuwa babba, ya sauko ta ɗaya ɓangaren. A rushe manyan ofisoshi kaɗan, ƙasa ta kurmance, ko da sauran wayoyin suna nan lafiya lau.

Baran ya zana fasali uku. A na farko kowa yana rataye da cibiya guda. A na biyu akwai ƙananan cibiyoyi da yawa, kowacce da mabiyanta. A na uku babu cibiya sam, kowace tasha tana haɗe da maƙwabtanta, saƙo yana bi daga wannan zuwa waccan har ya isa. Da ya gwada lissafin, sai ya gano abin da ya ba mutane mamaki: ba sai an haɗa kowa da kowa ba. Idan kowace tasha tana da mafita uku ko huɗu, ana iya rusa babban kaso na tashoshin amma waɗanda suka rage su ci gaba da jin juna.

Dabararsa ta biyu ita ce a daina keɓe layi guda ga saƙo guda. A yanka saƙon gunduwa-gunduwa, a rubuta wa kowane gutsure adireshin inda za shi, a sake shi. Duk tashar da ya iso sai ta duba wace ƙofa ce a buɗe a wannan lokacin ta miƙa shi gaba, a can ƙarshe a harhaɗa su. An wallafa rahotanninsa a 1964. A 1965 Donald Davies na Birtaniya ya kai ga irin wannan tunani shi kaɗai, ba tare da sanin aikin Baran ba. Kamfanin tarho na AT&T, wanda shi ke riƙe da layukan Amurka a lokacin, bai yi na'am da shawarar ba, amma a kanta intanet ta tsaya daga baya.

Kuma dabarar tana aiki, kada a raina ta. A kowace shekara ana samun lalacewar wayoyin ƙasan teku tsakanin 150 zuwa 200 a faɗin duniya, yawanci daga jiragen kamun kifi da ƙugiyoyin manyan jirage. Wayar da ke zurfin teku kaurinta kimanin santimita 2 ne kacal, kuma irinta ce ke ɗaukar sama da kashi 95 cikin 100 na bayanan da ke tsallaka nahiyoyi. Galibin waɗannan tsinkewar ba wanda yake jin labarinsu, domin na'urorin raba hanya suna karkatar da bayanai ta wata wayar kafin mai kallon bidiyo ya lura. Amma na'ura ba ta ƙirƙirar hanyar da ba a shimfiɗa ba. Zaɓi take yi tsakanin abin da ta tarar.

Lissafin da ke yaudara

Injiniyoyi suna auna amincin layi da kason lokacin da yake a raye. Layin da ke aiki kashi 99 cikin 100 na shekara yana jin daɗin kunne, alhali yana nufin kwana 3 da rabi da 'yan awanni babu sabis. Kashi 99.9 yana nufin kusan awa 9. Ma'aunin da manyan kamfanonin tarho suka saba ɗora wa kansu shi ne 99.999, wato minti 5 da 'yan daƙiƙu a shekara guda.

Ba a kaiwa wannan matsayi da layi ɗaya, komai kyansa. Da haɗawa ake kaiwa. Ɗauki layi biyu, kowanne mai kashi 99. Damar su mutu a lokaci guda ita ce ɗaya cikin ɗari sau ɗaya cikin ɗari, wato ɗaya cikin 10,000. Kwana uku da rabi sun koma kimanin minti 53 a shekara. Wannan shi ne lissafin da ake nuna wa mai banki ko shugaban jami'a idan za a sayar masa da layi na biyu.

Akwai sharaɗi guda da lissafin ya rataya a kansa, wanda ba kasafai ake faɗa ba: dole ya zamana abin da ke kashe layi na farko ba shi da wata alaƙa da na biyu. Da zarar sun bi rami ɗaya, ko suna shan wuta daga janareta ɗaya, ko hannu ɗaya ke juya su, lissafin ya rushe. An biya kuɗin biyu, an samu amincin ɗaya.

Abin da ya sa na 2024 ya fi ciwo shi ne ba shi ne gargaɗin farko ba. A Janairun 2020 WACS da SAT-3 sun tsinke tare a yankin kwazazzabon da ke bakin Kogin Kwango, inda masu bincike suka auna wata ambaliyar laka da ta yi tafiyar sama da kilomita 1,100 a ƙasan teku. A Agustan 2023 waɗannan biyun suka sake tsinkewa a wannan yankin. Masu shimfiɗa waya suna bin hanya mafi kusa kuma mafi araha, garuruwan da ake son saukewa a cikinsu ba su canzawa, shi ya sa wayoyi ke cunkushewa a wuri guda. Waɗanda suka tsira a Maris ɗin 2024, Glo-1 da kuma Equiano na Google wanda ya sauka Legas a 2022, ba su da sauka a Kodebuwa. Hanyarsu ta bambanta, ƙaddararsu ta bambanta.

Tonga kuwa ko wannan yaudarar ba ta samu ba. Ƙasa ce mai mutane kimanin 100,000 a Tekun Fasifik, wadda a 2022 take rataye da waya guda zuwa Fiji. Dutse mai aman wuta ya fashe ranar 15 ga Janairu, 2022, wayar ta tafi, ba a dawo da ita ba sai 22 ga Fabrairu.

Hanya ta biyu tana da fili?

Mu tuna ambaliyar Oktoban 2022, lokacin da ruwa ya shanye titin Abuja zuwa Lokoja a wajen Koton Ƙarfe. Kamfanonin sufuri da yawa ne, tashoshinsu daban, direbobinsu daban, amma duk a bakin ruwa ɗaya suka yi cirko-cirko, tankokin mai suka maƙale, layin mai ya dawo Abuja. Waɗanda suka nemi zagaye kuma sai suka tarar hanyoyin da suka rage ba a gina su don ɗaukar wannan lodi ba.

Haka abin yake a waya. Bai isa a ce akwai hanya ta biyu ba, sai an tambaya ko tana da filin ɗaukar kayan ta farko a kan nata. Idan layi biyu kowanne yana cike da kashi 80 na ƙarfinsa, ranar da ɗaya ya faɗi za a nemi ɗayan ya ɗauki 160, abin da ba zai yiwu ba. Saƙonni su yi ta zubewa, na'urori su yi ta sake turawa, cunkoso ya ƙaru. Wannan ne halin da mutum zai ga sandunan sabis cike a wayarsa amma shafi ya ƙi buɗewa. A Maris ɗin 2024 abin ya haɗu da wata matsalar: makonni kaɗan kafin nan, a ƙarshen Fabrairu, wayoyi uku sun lalace a Bahar Maliya, saboda haka zagayen da ake yi ta gabashin Afirka shi ma ya ƙuntata. Kamfanin Microsoft da kansa ya ce haɗuwar biyun ce ta rage ƙarfin da ke kai wa ga cibiyoyinsa na Afirka ta Kudu.

Barin fili a layi yana nufin biyan kuɗin abin da ba a amfani da shi yau. A nan ne ake yawan kayar da injiniya a teburin kasafi, domin amfanin tanadin ba ya bayyana sai ranar da aka shiga uku. Amma ba a fafe gora ranar tafiya. Kamfanonin da suka farfaɗo da wuri a wancan mako su ne waɗanda tun farko suke da yarjejeniya da haɗi a kan wayoyin da suka tsira.

A kan tudu, inda namu ciwon yake

Maganar teku tana jan hankali, amma mutumin Kano ko Sakkwato ko Maiduguri ya fi shan wahala daga abin da ke faruwa a bakin titi. Kusan duk wayoyin teku na Najeriya a Legas suke sauka, sai reshen 2Africa da aka saukar a Akwa Ibom a 2024. Daga Legas zuwa Kano tafiyar kimanin kilomita 1,000 ce, kuma zaren gilashin da ke ɗauko bayanan ta hanyar haske yana binne a gefen hanya, ko rataye a kan turakun wutar lantarki. Hukumomin Najeriya sun ce an samu tsinkewar irin wannan waya sama da sau 50,000 a 2024, kimanin 30,000 daga ciki sanadiyyar aikin titi. Katafila ce ke zuwa faɗaɗa hanya ko haƙa magudanar ruwa, haƙoranta su tsinko wani baƙin bututu, direban ma bai san ya raba garuruwa da duniya ba. Sauran kuma ɓarayi ne masu zaton jan ƙarfe ne a ciki, da gobarar daji, da zaizayar damina.

Maganin da aka daɗe da sani shi ne zobe. Maimakon a ja layi daga gari zuwa gari a tsaya, sai a zagayo a rufe shi. A misali, a tashi daga Kano a bi Kaduna, a wuce Jos, a biyo Bauchi, a dawo Kano. Idan aka yanke tsakanin Kano da Kaduna, bayanan su juya su bi ta Bauchi da Jos. An tsara na'urorin irin wannan zobe su yi juyin cikin kashi 50 cikin 1,000 na daƙiƙa, yadda mai kira ba zai ji ko ɗis ba.

Zobe yana da rauni biyu. Na farko, sau da yawa zobe ne a takarda kawai. Ɓangarorinsa biyu suna fita daga gari ta bututu ɗaya, ko su tsallaka kogi ta gada ɗaya, ko su shiga ginin kamfani ta ƙofa ɗaya. Wani lokaci kuma kamfani ya yi hayar layi daga wurare biyu don ya samu kwanciyar hankali, bai sani ba ashe na biyun ma daga na farkon ya yi haya. Na biyu, zobe yanka ɗaya yake jurewa. Daga lokacin da aka yi yankan farko, zoben ya koma layi miƙaƙƙe, kuma ana tsere ne tsakanin masu gyara da yanka na gaba. A ƙasar da ake yanka waya sama da sau 100 a rana, wannan tsere ba wasa ba ne. Idan kuma yankan ya faɗo a dajin da ma'aikaci ba zai shiga ba sai da rakiyar sojoji, kwanakin gyara su miƙe.

Mun ga wannan ƙarara a wutar lantarki a Oktoban 2024. Mahara sun riga sun lalata layin Shiroro zuwa Kaduna, rashin tsaro ya hana a gyara da wuri, Arewa ta koma rataye da layin Ugwuaji zuwa Apir. Da shi ma ya faɗi ranar 21 ga wata, jihohi da dama suka yi sama da mako guda cikin duhu. Wannan ba baƙon zance ba ne ga sadarwa, domin kowane ƙarfen sabis wuta yake ci. Dubbansu a ƙasar nan da janareta da batir suke rayuwa, kuma ranar da motar dizal ba ta iso ba, ko aka sace batiran, duk kyan tsarin da ke sama bai da amfani.

A nan ya kamata mai sim biyu ya san matsayinsa. Dabara ce mai kyau, kuma takan fitar da mutum. Amma a yau kamfanonin waya da yawa ba su ne masu turakun ba, haya suke yi daga kamfanoni irin su IHS, kuma turke ɗaya yakan ɗauki eriyoyin kamfani biyu ko uku. Idan janaretan wannan turke ya tsaya, layukan biyu tare za su yi shiru.

Akwai kuma katsewar da ba ta injiniya ba ce. A Satumban 2021 an rufe sadarwa a Zamfara bisa umarnin hukuma saboda yaƙi da 'yan bindiga, kuma umarni ɗaya ya isa ya kashe dukkan layuka.

Kuskuren hannu ɗaya

Duk abin da aka faɗa zuwa yanzu na ƙarfe da ƙasa ne. Amma wasu daga cikin manyan katsewar wannan zamani sun faru ba tare da an taɓa ko waya ɗaya ba.

Intanet tarin hanyoyi ne masu zaman kansu sama da 70,000, kuma suna fahimtar juna ta wani tsari da ake kira BGP. Kowace hanya tana shelanta wa maƙwabtanta cewa adireshi kaza da kaza ta wurina ake isa gare su, maƙwabta su yarda su isar wa na gaba. An gina shi a kan amana. Ranar 12 ga Nuwamba, 2018, wani kuskuren saiti a MainOne a Legas ya sa ya shelanta hanyoyin Google ga waɗanda bai kamata ba, wani kamfanin China ya karɓa ya yaɗa, sai ga bayanan masu neman Google daga wasu sassan duniya suna bi ta Rasha da China suna ɓacewa. Minti 74 abin ya ɗauka.

Na Facebook ya fi wannan koyarwa. Ranar 4 ga Oktoba, 2021, Facebook da WhatsApp da Instagram suka ɓace kusan awa 6. Kamfanin yana da cibiyoyin adana bayanai da yawa da wayoyinsa na kansa a nahiyoyi, babu wanda zai zarge shi da rowar tanadi. Wani umarni ne aka shigar yayin aikin gyara na yau da kullum, ya katse dukkan haɗin da ke tsakanin cibiyoyin. Akwai manhajar da aikinta shi ne tare irin wannan umarni, ita ma tana da aibi, ta bar shi ya wuce. Na'urorin da ke nuna wa duniya adireshin Facebook kuma an tsara su su janye kansu idan sun daina jin cibiya, dabara mai kyau idan guda ce ta samu matsala. Da dukkansu suka daina ji a lokaci guda, dukkansu suka janye. Sannan kayan aikin da injiniyoyi za su yi gyaran da su suna kan hanyar da ta mutu, dole aka tura mutane da ƙafa zuwa cibiyoyin, inda matakan tsaro suka ƙara jinkirta su.

A Kanada, ranar 8 ga Yuli, 2022, kamfanin sadarwa na Rogers ya cire wani saitin da ke tace bayanan hanyoyi yayin sabunta na'urorinsa, bayanan hanyoyi suka yi wa manyan na'urorinsa ambaliya har suka tsaya. Wayar hannu da intanet na gida duk a kan cibiya ɗaya suke, don haka tare suka tafi. Mutane sama da miliyan 12 abin ya shafa, katin cirar kuɗi ya daina aiki a shaguna, wasu suka kasa kiran lambar agajin gaggawa ta 911. Ma'aikatan kamfanin su ma layin kamfanin suke riƙe da shi. Bayan nan gwamnati ta sa manyan kamfanonin ƙasar suka sa hannu a yarjejeniyar cewa idan ɗaya ya faɗi, sauran za su ɗauki kiran gaggawa na mutanensa.

Abin da ake koya daga waɗannan a bayyane yake. Canji ba a yinsa ko'ina a lokaci guda, a fara da ƙaramin sashe a ga yadda ya kwana. Ƙofar da mai gyara zai shiga ta zama tana kan wata hanya dabam da wadda zai gyara. Sannan a riƙa gwada tanadin da gangan, a kashe layi na farko da tsakar dare a ga ko na biyu zai ɗauka, domin layin ajiyar da ba a taɓa gwadawa ba zato ne kawai. Yarjejeniyar Kanada kuwa, ina ganin ta fi kowace dacewa da mu, musamman a garuruwan da turke ɗaya ko biyu ne kacal.

Gyara, da abin da bai kamata ya fita ba tun farko

Gyaran wayar teku aiki ne na haƙuri. Daga tudu ake harba haske a cikin zaren a auna inda ya tsaya, a gane wurin. Jirgi ya je ya jefa ƙugiya mai nauyi ya ja ta a ƙasan teku har ta kamo wayar, a ɗago baki ɗaya a ɗaure shi da abin da zai riƙe shi a saman ruwa, a nemo ɗaya bakin, a haɗa su da sabon yanki zare bayan zare, a gwada, a mayar. Jiragen da ke wannan aiki a duniya ba su da yawa. Wanda Afirka ta fi dogaro da shi, Léon Thévenin, an ƙera shi tun 1983, mazauninsa Cape Town, kuma tafiyarsa zuwa ruwan Abijan kaɗai ta haura mako guda. Bai daɗe da gama aikin gyaran da ya kai shi ruwan Abijan ba wayoyin EASSy da Seacom suka tsinke a gabashin nahiyar ranar 12 ga Mayu, 2024.

Tauraron ɗan'adam yana taimakawa, kuma tun da Starlink ya fara aiki a Najeriya a Janairun 2023 asibiti ko banki na iya ajiye shi a matsayin mafita ta gaggawa, wadda katafila ba ta isa gare ta. Sai dai bai kama ƙafar waya a yawan abin da take ɗauka ba. An tsara Equiano kaɗai ta ɗauki terabit 144 a daƙiƙa, wato kimanin gigabait 18,000 na data. Tauraro na iya riƙe muhimman ayyuka, ba zai riƙe ƙasa ba.

Abin da ya fi araha, kuma aka fi sakaci da shi, shi ne rage abin da ke buƙatar tsallaka teku. Babu dalilin da zai sa kuɗin da aka tura daga Kantin Kwari zuwa Sabon Gari su dogara da lafiyar wata waya a gaban Abijan. Amma idan manhajar bankin ko wani sashe nata yana zaune a cibiyar adana bayanai a Turai, dole su dogara. Don wannan aka kafa mahaɗar intanet ta Najeriya, IXPN, a 2006, wurin da kamfanoni ke musayar bayanan cikin gida kai tsaye, kuma tana da rassa a Legas da Abuja da Fatakwal da Inugu da Kano. Reshen Kano zai yi amfani ne gwargwadon yawan waɗanda suka haɗu da shi da kuma abin da aka ajiye kusa da shi: bayanan jami'o'i, na asibitoci, na gwamnatocin jihohi, da kwafin abubuwan da mutane suka fi kallo.

Gwamnatin Najeriya ta amince a 2024 da shirin shimfiɗa ƙarin kilomita 90,000 na zaren gilashi, ta kuma ayyana kayan sadarwa a matsayin muhimman kadarorin ƙasa da taɓa su laifi ne. Abin maraba ne. Amma yawan kilomita ba shi ne abin da zan fara tambaya ba. Zan so a nuna ta ina ramin zai bi, gadoji nawa ne sabon layi da tsohon za su yi tarayya a kansu, kuma ko mai kwangilar titi zai samu taswirar abin da ke binne kafin ya kunna katafila. Jihohi ma suna da hannu a ciki ta kuɗin izinin haƙa: an yi matsaya a kan naira 145 kowace mita, Kaduna ta yafe nata gaba ɗaya a 2020, kuma inda kuɗin ya yi tsada kamfani ba zai haƙa rami na biyu ba.

Ga Arewa da Nijar akwai wata ƙofa da ba ta kallon Atilantika ko kaɗan. Aikin layin da ke ratsa Sahara, wanda Bankin Raya Afirka ya tallafa, ya ƙunshi sashe daga Arlit ta Assamaka zuwa iyakar Aljeriya, wani daga Diffa ta N'Guigmi zuwa iyakar Chadi, da wani daga Damagaram ta Magariya zuwa iyakar Najeriya. Idan aka ɗinke shi da Kano daga wannan ɓangaren, bayanai za su iya haurawa arewa zuwa Bahar Rum, hanyar da ba ta haɗa komai da Legas ko Abijan ba. Binne zaren shi ne rabin aikin. Sauran shi ne kamfanonin ƙasashen su sayi fili a kansa tun kafin buƙata ta taso, a samu wutar da za ta riƙe tashoshinsa a cikin hamada, kuma gwamnatocin su yarda cewa ko an rufe iyaka ga motoci, ba za a rufe ta ga wannan layin ba.